Gwarzo da Kabo: In an sallamo yaro daga gidan gyaran hali, ina zai sauka?

Ranar da aka dawo da ɗan yayata gida sai da aka yanka kaji. Wata uku ya yi a wata cibiyar gyaran hali a cikin birnin Kano, kuɗin kuwa ba su cika ba sai da aka sayar da maraƙi da buhunan masara. Ya sauko daga mota a Gwarzo ya yi ƙiba, fatarsa ta murje, idonsa ya washe. Mahaifiyarsa tana kuka tana godiya ga Allah, maƙwabta suna ta shigowa barka.

Kwana 19 ya yi lafiya lau. A na 20 aka tsinto shi a wani kango, bai san inda kansa yake ba.

Da ya dawo hayyacinsa na zauna da shi a zaure. Ban yi masa faɗa ba, don wasu sun riga sun ƙarar da faɗan. Na ce masa, "Me ya faru?" Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Kawu, a can da safe akwai abin da zan yi, da rana akwai, da dare akwai. A nan in na tashi, daga ɗaki sai majalisa. Kuma in na shigo gida kowa sai ya ɓoye wayarsa."

Tun daga ranar nake juya maganar nan. Mun yi ta neman inda za a kai shi, mun ci bashi, mun roƙi alfarma, amma babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya tambayi inda zai sauka in ya fito. Mun ɗauka gida ne amsar. Ra'ayina a yau shi ne, ga yara da yawa gida ba shi ne masaukin farko da ya dace ba. Tsakanin ƙofar cibiyar gyaran hali da ƙofar gidan uba akwai rata mai faɗi, kuma a cikin ratar nan muke asarar 'ya'yanmu. Gwarzo da Kabo suna buƙatar gida a tsakiya, kuma suna iya samar da shi ba tare da jiran Abuja ba.

Abin da muke da shi, da abin da babu

Alƙaluman da aka fi dogaro da su har yanzu su ne na binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, UNODC, ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018. Binciken ya gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekarar da ta gabace shi. A Jihar Kano kashi 16 cikin 100 ne, wato sama da mutum miliyan ɗaya. Duk mutum biyar masu sha, ɗaya ya kai matsayin da shan ya zame masa cuta mai buƙatar magani. Duk mutum huɗu kuma, ɗaya mace ce.

Kada wani ya ce wannan matsalar birni ce. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gwarzo mutum 183,987, Kabo kuma 153,828, kuma an yi shekaru ana haihuwa tun daga lokacin. Titin da ya taso daga Kano ya bi ta Rimin Gado da Garo ya ratsa Gwarzo ya nufi Dayi a Jihar Katsina, abin da yake kawo mana ya wuce taki da siminti. Ƙwayar ƙauye ma tana da nata salon. Da yawa daga cikin yaranmu ba da nishaɗi suka fara ba, da aiki suka fara. Mai noman ƙwadago yana so ya gama kadada kafin la'asar, ɗan acaɓa yana so ya kai dare, ɗan ci-rani a Legas ko Abuja yana dakon kaya tun asuba. Wani ya miƙo masa taramol ya ce tana kashe gajiya. Tana kashewa kuwa, na ɗan lokaci. Wadda hukuma ta amince a sayar a kan takardar likita mai ƙarfin 50 ce da 100, amma wadda ke yawo a hannun yara har da mai 200 da 225. Daga nan sai a haɗa da ezol, da rochi, da wiwi, wanda ba shi da kuɗi ya koma sholisho.

To in abin ya kai intaha, ina ake zuwa? Akwai asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Dawanau. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai cibiyar Ɗorayi, wadda duniya ta gani a fim ɗin binciken BBC a kan kodin a 2018, fim ɗin da ya sa gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a ranar 1 ga Mayun shekarar. Hukumar NDLEA tana da wuraren ba da shawara da kwantarwa. A kusa da mu kuma ga cibiyar gyaran hali ta Ƙiru, wadda ta yi aiki a zamanin Kwankwaso, ta yi shekaru a kwance, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sake tayar da ita. Ga kuma masu zaman kansu, ga mai hali.

Duk waɗannan wurare ne na shiga. Kowannensu yana da ranar sallama. Bayan ranar nan, sai dai a ce Allah ya kiyaye gaba, a sa yaro a mota.

Abin da ya sa gidan mari ya daɗe

Kafin 2019 iyaye suna da wata amsa, ko da yake mummuna ce. A watan Satumban shekarar 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon bulala a baya. Cikin makonni kaɗan aka fasa irinsa a Daura da Katsina da Zariya, gwamnatin Kano ita ma ta ba da umarnin rufe makarantun mari. Duk wanda ya ga hotunan nan ba zai yi kewar wuraren ba. Ni ban yi ba.

Amma ya kamata mu tambayi kanmu abin da ya sa uba mai hankali yake ɗaukar ɗansa da hannunsa ya kai shi a ɗaure. Ba don ba ya sonsa ba ne. Gidan mari yana ba shi abu biyu da asibiti ba ya bayarwa: yana da araha, kuma ba ya sallama bayan mako shida. Uban ya riga ya gane, tun kafin likitoci su faɗa masa, cewa wannan ciwo ba na wata ɗaya ba ne. An rufe gidajen, an yi daidai. Sai dai buƙatar da ta haife su tana nan inda aka bar ta, shi ya sa har gobe in an rufe a nan sai a ji labarin wani ya ɓulla a can. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba masu irin wannan larura haƙƙin a mutunta su. Doka ta ce kada a ɗaure. Ba ta gina ɗakin da za a kwana ba.

Me ya sa komawa gida kai tsaye yake kayar da su?

Likitoci sun bambanta abu biyu da mu muke haɗawa. Na farko fitar da ƙwaya daga jiki. Mai shan taramol in ya daina zai yi kwanaki yana ciwon gaɓoɓi, da gumi, da gudawa, da rashin barci, amma cikin mako ɗaya zuwa biyu mafi tsananin yakan wuce. Wannan aikin asibiti ne, musamman ga masu shan ƙwayoyin sa barci, waɗanda yanke su farat ɗaya kan iya jawo farfaɗiya. Na biyu shi ne ƙwaƙwalwa ta saba da rayuwa babu ƙwaya, kuma wannan watanni yake ɗauka, wani lokaci shekaru. Ƙwaƙwalwar da ta kamu takan ɗaure sha'awar da wuri, da mutane, da lokaci. Lungun da aka saba saye, abokin da aka saba sha da shi, ƙarar babur ɗin dillali, bayan sallar isha'i. Yaro zai yi wata uku a cibiya bai ji komai ba, ya dawo ya ga bishiyar da suke zama a ƙarƙashinta, jikinsa ya ɗauki rawa.

Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan koma, kwatankwacin yadda masu hawan jini ko asma suke samun tashin ciwonsu. Kuma akwai haɗarin da iyaye da yawa ba su sani ba. Wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya rage juriya. In ya koma ya sha adadin da ya saba sha a da, yana iya zarcewa daga barci. Makonnin farko bayan sallama suna cikin mafi haɗari a rayuwarsa, mu kuwa a lokacin ne muke sakin jiki muna cewa an warke.

Sai kuma abin da mu da kanmu muke yi. A birni mutum yana iya sauya unguwa ya ɓace a cikin jama'a. A Getso ko Kutama ko Gude ko Durun babu wannan. Kowa ya san ɗan wane ne, kowa ya san abin da ya yi. In akuya ta ɓata shi za a fara kallo. In ya je neman aure an riga an kai labari. Mai shago ba zai bar masa aljihun tebur ba, kuma ba zan ga laifin mai shagon ba, don wataƙila ya taɓa yi masa ɓarna. A cikin gida uwa tana sonsa amma tana ƙirga kuɗin cefane sau biyu. Ƙannensa sun daina gaishe shi yadda suke yi a da. Wuri ɗaya tak ne a duk garin za a yi masa maraba da fara'a, a matsa masa ya zauna, ba a tuna masa da komai: majalisar da ta kai shi ga halaka tun farko.

Yadda wasu suka toshe ratar

A 1975 a garin Silver Spring na Jihar Maryland a Amurka, hukuma ta ce za ta rufe wani gida da take ajiye masu farfaɗowa daga shan giya, saboda rashin kuɗi. Mutum 13 da ke ciki suka ga in sun watse za su koma ruwa. Sai suka karɓi hayar gidan da kansu, suka zaɓi shugabanni a tsakaninsu, suka raba kuɗin haya. Ɗaya daga cikinsu, Paul Molloy, lauya ne da giya ta raba da aikinsa da iyalinsa. Daga wannan gida aka samu tsarin da ake kira Oxford House, wanda yau yake da gidaje sama da 3,000, har ya ƙetaro zuwa Ghana.

Dokokinsu uku ne. Mazauna gidan ne suke tafiyar da shi ta hanyar ƙuri'a. Kowa yana biyan kasonsa na haya da abinci. Wanda ya sha, a ranar zai tattara kayansa. Babu likita a ciki, babu mai gadi, babu kwaɗo a ƙofa. Sabon mutum ba ya shiga sai kashi 80 cikin 100 na mazauna sun yarda da shi. Kuma babu ranar sallama: muddin kana biya, ba ka sha, ba ka tayar da fitina, kana iya zama shekara ɗaya ko uku.

Da na fara jin wannan sai na ce ai an bar kura tsaron akuya. Amma an gwada. Masu bincike a Jami'ar DePaul da ke Chicago, ƙarƙashin Farfesa Leonard Jason, sun ɗauki mutum 150 da suka gama jinya, suka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi suka shiga irin waɗannan gidaje, rabi suka koma inda aka saba komawa. Bayan shekara biyu, a sakamakon da aka wallafa a 2006, kashi 31 cikin 100 na 'yan gidajen ne suka koma sha, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 65. Kuɗin da 'yan gidajen suke samu a wata ya ninka na sauran, waɗanda aka ɗaure a kurkuku a cikinsu kashi 3 ne, a can kashi 9. Waɗanda suka zauna wata shida ko fiye su suka fi tsira.

Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zama da mashayi. Uwa ana iya yi mata ƙarya, malam ana iya yi masa, likita ma haka. Wanda ya sha shekara goma ya daina, ba a yi masa. Daga tafiyarka ya gane, daga yadda kake sosa hanci ya gane. Kuma in ya ce maka "na san abin da kake ji," ka san ya sani.

Mu kira shi gidan zango

Ba sai mun aro suna ba. Kakanninmu fatake da suke tafiya Gwanja sayen goro ba sa yin tafiyar a rana ɗaya. Suna sauka a zango, a sauke kaya, a huta, a yi jinyar wanda ƙafarsa ta kumbura, sannan a ci gaba. Zango yana da sarki, yana da doka, amma ba kurkuku ba ne, kuma babu wanda ya ɗauke shi gida. Abin da nake nufi ke nan.

Gida ne na haya mai ɗaki uku ko huɗu, mutum takwas zuwa goma. Ba a karɓar kowa sai wanda ya riga ya bi ta hannun likita, ya kuma zo da ƙafarsa. Wanda aka kawo a ɗaure ba nan ne wurinsa ba. Ƙofa a buɗe take da rana, akwai lokacin dawowa da dare. Ana sallah tare, ana girki bi da bi, ana zama sau ɗaya a mako a yi lissafin kuɗi, a faɗa wa juna gaskiya. Akwai ɗan abin gwajin fitsari da ake sayarwa, wanda yake nuna ko mutum ya sha cikin mintuna kaɗan. Da shi za a raba gardama, ba da rantsuwa ba.

Sannan ɗan Gwarzo ya zauna a gidan Kabo, ɗan Kabo ya zauna a na Gwarzo. Wannan ne amfanin haɗa ƙananan hukumomin biyu, waɗanda dama kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai. Nisan ya isa ya raba yaro da majalisarsa da dillalinsa, amma bai kai ya hana uwa ta hau mota ta je ta gan shi ranar Juma'a ta dawo kafin magariba ba.

Babbar tambaya ita ce kuɗi. A Amurka mai farfaɗowa yana samun aikin albashi ya biya haya. A nan wa zai ɗauke shi? Ina ganin a nan ne ƙauye ya fi birni sa'a. Muna da ruwa a madatsun Guzu-Guzu da Magaga da Pada, ana noman rani a gefensu. Muna da kasuwar Getso da hada-hadar dabbobi. Gidan zango da aka ba aron fili ya yi albasa ko tumatir ko masara, ya ɗaure raguna biyar don babbar sallah, yana iya ciyar da kansa a mafi yawan watannin shekara. Tsarin gandu ne da muka gada, sai dai 'yan gandun ba uba ɗaya ya haife su ba. Kuma muna da tsarin ubangida da yaronsa. Makaniki ko tela ko mai walda da ba zai karɓi yaro daga hannun uwarsa ba, yana iya karɓarsa in gida guda ne ya tsaya masa, ana gwada shi duk mako, kuma akwai wanda za a kira in an ga ba daidai ba.

A nan dole a yi hattara da abu ɗaya. Yaron da ya fara shan taramol saboda aikin ƙarfi, in aka mayar da shi aikin ƙarfi daga asuba zuwa magariba an mayar da shi bakin rijiyar da ya faɗa. Aikin gidan zango ya zama mai iyaka, kuma ribar ta shiga asusun mazauna, kada ta shiga aljihun wani mai gona da ya samu 'yan ƙwadagon banza.

Kuɗin farawa, wato hayar shekara da katifu da tukwane, bai fi ƙarfin ƙungiyar ci gaban gari ko 'yan kasuwa biyar ba. A Amurka ma wata doka ta 1988 ta sa jihohi su ware asusun ba da rancen da bai wuce dala 4,000 ba ga duk rukunin da zai buɗe irin gidan, su biya a hankali, a ba wasu. Adashi ne da wani suna. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Mai kuɗin da yake neman sadaka mai gudana, ga gida ya yi waƙafi. Mun iya gina masallaci na huɗu a layi ɗaya, ban ga abin da zai hana mu wannan ba.

Abin da za a ce, kuma da gaskiya a ciki

Za a ce maƙwabta ba za su yarda ba. Haka ne, da farko ba za su yarda ba. A Amurka ma sai da rigimar ta kai Kotun Ƙoli a 1995, lokacin da birnin Edmonds ya nemi hana irin wannan gida zama a unguwar iyalai, kotun kuma ba ta goyi bayan birnin ba. Mu ba kotu za mu je ba. Wurin mai unguwa da dagaci da limamin Juma'a za a fara, kafin a biya ko sisi na haya. A gaya wa mutane gaskiya: masu shan suna nan a unguwarku yanzu haka, a kango da bayan makaranta, babu mai sa musu ido. Waɗannan goman su ne kaɗai a garin da ake gwada fitsarinsu duk mako.

Za a ce abin zai rikiɗe ya koma gidan mari da sabon suna. Wannan shi ne tsoron da ni ma nake ji, kuma ba a nan kaɗai ba. A Jihar Arizona ta Amurka hukumomi sun bankaɗo a 2023 yadda 'yan damfara suka buɗe gidajen bogi, suna kwaso 'yan asalin ƙasar masu fama da shaye-shaye suna tarawa, suna karɓar kuɗin inshorar lafiya da sunansu, har asarar ta haura dala biliyan 2. Wasu gidajen ma a ciki ake ba su abin shan. Duk inda aka tara masu rauni kuma kuɗi yana shigowa, kura za ta zo. Maganin shi ne kada gidan ya zama mallakar mutum ɗaya mai cin riba. A yi masa rajista a ƙaramar hukuma. Ma'aikacin lafiya daga Babban Asibitin Gwarzo ko cibiyar lafiya mafi kusa ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba. Kowane mazauni ya riƙe wayarsa. Ranar da aka ga kwaɗo a ƙofar ɗaki ta waje, ko bulala a rataye, a rufe gidan.

Za a ce korar wanda ya koma sha rashin tausayi ne. Na daɗe ina kokawa da wannan. Amma in aka bar mutum ɗaya yana sha a cikin gida, an sayar da sauran taran. Abin da ya kamata shi ne korar ta zama mayarwa wurin likita, da alƙawarin cewa in ya sake tsayawa zai iya neman a sake jefa masa ƙuri'a. Kada a tura shi titi da dare da leda a hannu.

Sai maganar mata, wadda ita ce mafi wuya, kuma ba zan yi kamar ina da cikakkiyar amsarta ba. Kashi ɗaya cikin huɗu na masu sha mata ne, amma je ka ƙirga gadajen mata a wuraren jinya. A garuruwanmu yarinya ko matar aure da ta kamu da maganin tari ɓoye ta ake yi, in abin ya fito fili sau da yawa takardar saki ce take biyo baya, ta koma gidan iyaye da ciwo biyu. Gidan da za a ce na mata masu shaye-shaye ne, a Kabo ko Gwarzo, babu uban da zai kai 'yarsa, don sunan kaɗai ya isa ya hana ta aure. Wataƙila nasu ya zama ƙarami ƙwarai, mutum uku ko huɗu a hannun wata dattijuwa da gari ya yarda da ita, ungozoma ko malamar Islamiyya, a ƙarƙashin inuwar koyon sana'a, da ma'aikaciyar lafiya mai zuwa a kai a kai. Matan da ke aikin asibiti da ƙungiyoyin mata na yankin sun fi ni sanin yadda za a ɗinka wannan, in an tambaye su.

Wa zai fara?

Duk lokacin zaɓe ana raba wa matasan nan babura da kuɗin shan ruwa, kuma kowa ya san abin da wasunsu suke saye da kuɗin kafin a fita gangami. Wanda ya ci moriyarsu a ranar kamfen yana da bashi a kansa. Kuɗin gida ɗaya na shekara bai kai na allunan hotunan da ake kafawa daga Garo zuwa Gwarzo ba. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu suna iya ba da tsohon gidan ma'aikata da ya zama kango. Cibiyar Ƙiru da asibitin Dawanau suna iya ƙara layi ɗaya a takardar sallama: ina zai sauka, wa zai karɓe shi? In amsar babu, a san cewa aikin bai ƙare ba.

Amma ba na so a jira su. Mutum 13 na Silver Spring ba su jira ba, hasali ma hukuma ce ta juya musu baya. A kowane gari a yankin nan akwai mutum biyu ko uku da suka sha suka daina shekaru da suka wuce, suna nan suna sana'arsu, ba sa so a tuna. Su ne za su iya riƙe gidan farko, in aka je aka roƙe su da mutunci.

Ɗan yayata ya sake komawa jinya, karo na biyu, da kuɗin da ba mu da shi. Da aka sallame shi ba mu kawo shi gida ba. Wani abokin mahaifinsa da ke noman rani a wani ƙauye ta wajen Ƙaraye ya karɓe shi, ya haɗa shi ɗaki da wani yaronsa wanda shi ma ya taɓa bin wannan hanya ya bari. Mu ba mu san sunan abin da muka yi ba a lokacin, dabara ce ta wanda ya rasa yadda zai yi. Yanzu wata bakwai ke nan. Ba na cewa ya warke, na daina faɗin wannan kalma. Makon jiya ya aiko wa mahaifiyarsa da kwandon albasa, ya kuma ce a gaya mata kada ta sa rai da shi a gida kafin a cire amfanin gona.